Kowane Yaro da Askarsa



Sanyi ya shigo Dutse. Da an ba da hutu za ku fara ganin wanzamai da zabira a rataye suna shiga gida-gida, ana tara yara 'yan shekara shida ko bakwai a yi musu kaciya. Bana har da ƙanena. Shi ya sa na ɗauko wannan magana, ko da yake na san wasu za su tsaya gaban allon nan suna ƙyalƙyala dariya. Ku yi dariyarku, amma ku karanta har ƙasa.

Ranar 1 ga Disamba ita ce ranar yaƙi da cutar ƙanjamau ta duniya. A makon ne malaminmu na Kimiyya ya gaya mana wani abu da ya ba mu mamaki. Ashe akwai ƙasashen da manyan maza, masu gemu da iyali, suke bin layi a asibiti don a yi musu kaciya. Dalili shi ne an yi bincike har uku a Afirka: a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, da Kisumu ta Kenya, da Rakai ta Yuganda. Duka ukun sun nuna cewa kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙwayar HIV daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. Malam ya ce cikin fatar da ake yankewa yana da laushi, ƙwayar cutar tana samun hanyar shiga jiki ta nan cikin sauƙi. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa maza kaciya a asibiti, ga wanda ya yarda, a ƙasashen gabashi da kudancin Afirka inda cutar ta yi yawa kuma ba kowa ke yin kaciya ba. Najeriya ba ta cikinsu, domin mu tun kaka da kakanni muna yi, addini ma ya zo da ita.

Da aka fita tara sai wani abokina ya daki ƙirji ya ce, "To ai mu mun tsira ke nan!" Yara suka yi ta shewa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don Malam bai ce haka ba. Kashi 60 ya ce. Ina sauran 40 ɗin? Wanda ya ci 60 a Lissafi ya ci jarrabawa, amma a nan ba maki ake rabawa ba. Kuma ga hujja a gabanmu: kusan duk mazan Najeriya suna da kaciya, amma binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a ƙasar nan. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin masu ita, mun gode Allah, amma akwai su. Sannan ragin da ake magana a kai na hanya ɗaya ne kawai, wato saduwar namiji da mace. Kaciya ba ta hana cutar shiga ta jini.

Maganar jinin nan ita ce ta fi damuna.

Na tuna tawa kaciyar sarai. Mu takwas aka yi wa rana ɗaya a zauren maƙwabtanmu, ni ne na biyar. Aska ɗaya ce. In ya gama da yaro sai ya goge ta da tsumma, ya ce a kawo na gaba. A lokacin ba ta aska nake ba, ta kazar da aka yi mini alkawari nake. Yanzu ne na gane cewa jinin yara huɗu ya taɓa askar nan kafin ta iso kaina. Da a ce ɗaya daga cikinsu an haife shi da wata cuta a jini, wa zai sani? Kuma ba ƙanjamau kaɗai ba. Ciwon hanta, wanda likitoci ke kira nau'in B, ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa ta jini, ƙwayarsa tana iya yin mako guda a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Tsumma ba ya kashe ta.

Da na kai maganar gida, Kaka ta taso mini. Ta ce, "Kai yaro, wanzamin nan shi ya yi wa ubanka. Wa ka ji ya mutu? Boko ce ke ɗibarka." Ban ja da ita ba. Amma ciwon hanta yana iya kwanciya a jikin mutum shekara ashirin ko fiye bai nuna ba. Ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, wa zai tuna da askar da aka yi masa kaciya yana ɗan shekara bakwai? Sai a ce sammu ne.

Kada wani ya ce na zagi wanzamai. Sun iya aikinsu, gadonsu ne, suna dawowa duba ciwo har ya warke, kuma kuɗinsu bai kai na asibiti ba. Mu da ke cikin gari muna da Babban Asibitin Dutse da na Rasheed Shekoni, wanda ya samu hali ya kai ɗansa can ya fi. Amma mutumin ƙauye a yankin Kiyawa ko Jahun, mai 'ya'ya uku da suka isa kaciya, wanzami ne a kusa da shi. In an ce masa lallai sai asibiti, an faɗa ne kawai.

Ra'ayina shi ne kowane uba ya sayi sabuwar reza ko aska ta ɗansa shi kaɗai, a buɗe ta a gabansa, a binne ta bayan an gama. Wanzami ya wanke hannu da sabulu, ya sa sabuwar safar hannu ga kowane yaro. Akwai wanzaman da tuni suka fara haka, kuma ban ji an ce cinikinsu ya ragu ba. Da ma'aikatan lafiya za su zauna da Sarkin Aska kafin kowane sanyi, da maganar ta kai ga kowa, don wanzamai suna jin maganar shugabansu. Haka ma wajen tsaga da ƙaho da askin jarirai ranar suna.

Mu ɗalibai kuma mu ne ake aika kiran wanzami, mu ne ke riƙe ƙannenmu. Faɗa wa Baba ba rashin kunya ba ne in ka iya bakinka. Ni bayan sallar isha'i na same shi, na durƙusa na ce, "Baba, ga abin da aka koya mana." Ya yi shiru, har na ɗauka faɗa zai yi. Washegari sai ya ba ni kuɗi ya ce in biya kemis in sayo reza da safar hannu. Suna cikin akwatinsa yanzu, Asabar ta farko bayan hutu za a yi wa ƙanena. Kaka dai har jiya tana mita, wai an ɓata kuɗin kaza.