Ra'ayinmu: A gwada ma'aunin wutar lantarki a gaban mai biyan kuɗi

Mai sayen gero a kasuwar Birnin Ƙonni yana ganin tiyar da za a auna masa, idan bai yarda da ita ba ya ce a kawo wata. Wutar lantarki kuwa a cikin akwati mai hatimi ake auna ta, mai saye sai dai ya ga takardar biya a ƙarshen wata. Muna ganin lokaci ya yi da za a riƙa gwada wannan ma'auni a gaban mai biya, musamman a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, inda sana'o'i da yawa suka dogara da kuran.

Mitar gida ba ta da wuyar fahimta, domin duk wutar da gidan ke sha ta cikinta take ratsawa. Amma masana'anta, babban asibiti, gidan ƙanƙara ko wurin da ke da manyan injinan niƙa suna jan wutar da ta fi ƙarfin mita. Saboda haka ake zura babbar wayar ta cikin wani zoben ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Wannan zobe shi ne taransifomar awo. Wutar da ke gudu a babbar waya tana haifar da maganaɗisu a cikin ƙarfen, shi kuma ya haifar da 'yar ƙaramar wuta a siririyar wayar, daidai da gwargwadon babbar. Wannan 'yar ƙaramar ita mita ke karantawa.

A jikin kowane zobe akwai lamba, misali 200/5. Ma'anarta idan ampiya 200 suka ratsa waya, ampiya 5 ne za su isa mita. Don haka abin da mita ta nuna sai an ninka shi sau 40 kafin a san ainihin wutar da aka sha. A nan haɗarin yake. Idan zoben da ke bango 100/5 ne, amma a rajista aka rubuta 200/5, mai sana'a zai riƙa biyan ninki biyu kowane wata, alhali mitarsa lafiya lau take. Idan kuskuren ya juya, kamfanin wuta ne zai yi asarar rabin kuɗinsa ba tare da an yi masa satar waya ko ɗaya ba. Zoben da ya tsufa, ko aka ɗaura shi a juye, ko aka ɗora masa nauyin da ya wuce ƙarfinsa, shi ma yana ba da lissafin ƙarya.

Wannan yanki bai da wutar da zai yi wasa da ita. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya ake sayo ta. Da Najeriya ta katse layin a watan Agustan 2023, kowa ya ga abin da ya biyo baya, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma da rana kaɗai take aiki. Ga kamfanin siminti na Malbaza, ga asibitin Galmi, ga masu walda da masu sayar da ruwan sanyi, duk suna buƙatar wuta. Abin da ya yi ƙaranci haka dole a san inda kowane kilowat ya tafi.

Shi ya sa muke kira ga NIGELEC da abubuwa uku. Na farko, a rubuta lambar zobe da adadin ninkin ɓaro-ɓaro a kan takardar biyan duk wanda ake auna wa wuta ta wannan hanya, domin ya kwatanta da abin da ke bangonsa. Na biyu, duk lokacin da za a ɗaura zobe ko a canza shi, a yi a gaban mai wurin, a ba shi takardar shaida mai sa hannun ɓangarorin biyu. Na uku, a sa irin waɗannan zobba a kan taransifomomin unguwanni. Idan an san abin da ya fita daga taransifoma, aka kwatanta da jimillar mitocin gidajen da ke ƙarƙashinta, za a gane inda wuta ke zurarewa, a kuma ga nauyin da ya yi yawa tun kafin taransifomar ta ƙone a tsakiyar zafin Afrilu.

Mai sayarwa bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin ma'auninsa ba. Nijar na da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi, tana kuma da ANMC mai kula da ingancin ma'aunai. Ya dace mai injin niƙa a Illela ya samu hanyar neman a gwada mitarsa da zobensa a jihar Tahoua, a kan kuɗi sananne, cikin wa'adi sananne, ba sai ya bi takarda har Yamai ba.

Masu shan wuta su ma akwai nasu. 'Yan ci-rani da ke turo kuɗi daga Abijan, Legas ko Libiya don a kafa wa iyali sana'a, su nemi a turo musu hoton lambar zoben tare da takardar biya. Ƙwararren mai gyaran wuta yana iya maƙala na'urarsa mai baki kamar awartaki a jikin waya, ya faɗi ampiyar da inji ke ja ba tare da ya yanke komai ba. Masu batiran sola su sani cewa wutar batir miƙaƙƙiya ce, zoben awo na yau da kullum ba ya ganin ta, sai na'urar da aka yi dominta.

Gargaɗi ga matasa masu koyon aikin wuta: kada a kuskura a cire siririyar wayar zobe alhali babbar waya na ɗauke da wuta. Ƙarfin da ke tashi a bakinta yana iya kashe mutum. Fasa hatimi kuma laifi ne, asararsa maƙwabta ke ɗauka. Wanda ke shakkar ma'auninsa ya rubuta ƙorafi, ya riƙe kwafinsa, hukumomi kuma su ba shi amsa a rubuce.