Injin Feshin Filasta: Ba Kowane Gini Ne Zai Mayar Da Kuɗinsa Ba

Duk wanda ya ga injin feshin filasta yana aiki sai abin ya burge shi. Mutum ɗaya ne riƙe da bakin tiyo, kwaɓin siminti na fita da ƙarfi yana mannewa a jikin bulo, kafin birkila ya gama shafe kusurwa ɗaya da cokali an rufe bangon ɗaki guda. Masu shigo da kayan gini suna tallar wannan inji a matsayin maganin jinkirin ma'aikata da yawan saɓa alkawarinsu, wasu masu gini kuma sun fara tambayar 'yan kwangila dalilin da ya sa har yanzu suke fama da kwanon sarki. Ra'ayina shi ne ga irin gidajen da yawancin mutanenmu ke ginawa a Kano da Katsina da Maraɗi, injin ba zai mayar da kuɗinsa ba. Ga manyan rukunin gidaje yana iya mayarwa, amma da sharuɗɗa. Dalilin kuwa guda ne: an ƙera shi ne don ya rage kuɗin ƙwadago, wanda shi ne abu mafi araha a wurin gininmu, sannan yana cin wuta da mai da kuɗin waje, waɗanda su ne suka fi mana tsada.

Tarihin injin da kansa yana nuna haka. Dabarar harba kwaɓi da iska ta samo asali ne a Amurka, inda Carl Akeley ya haɗa na'urar da aka gyara fuskar wani gidan tarihi da ita a Chicago a 1907. Amma injin filasta irin na yau a Jamus ya bunƙasa. Karl Schlecht ya kafa kamfanin Putzmeister a 1958 a kan injin filasta da ya zana tun yana ɗalibi, a lokacin da Jamus ta Yamma ke sake gina biranen da yaƙi ya rushe, hannu kuma ya yi mata ƙaranci har ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961. A irin wannan ƙasa, kowace awa da aka rage wa ma'aikaci riba ce tsantsa. Har yanzu haka lissafin yake a can. A 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Jamus yuro 12.82 ne. A Nijeriya kuwa mafi ƙarancin albashin wata da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da idan aka canja shi bai kai ladan yini ɗaya na leburan Jamus ba. Injin da ya ceci ɗan kwangilar Munich daga biyan mutum uku ya cece shi daga babbar asara. Injin da ya rage wa ɗan kwangilar Zariya lebura uku ya rage masa abin da wataƙila bai kai kuɗin dizal ɗin da zai zuba a ranar ba.

Sai a dubi abin da injin yake buƙata kafin ya motsa. Irin wanda ya fi yaɗuwa a Turai, kamar na kamfanin PFT, ana zuba masa busasshen garin filasta ne da aka riga aka haɗa a masana'anta aka ɗura a buhu. Injin ya gauraya shi da ruwa, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa a cikin roba ya tura kwaɓin cikin tiyo, iskar kwamfaresa kuma ta watsa shi a bango. Manyansu suna son wuta mai layi uku da ruwan famfo mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Wane fili ne a sababbin unguwannin bayan gari yake da waɗannan biyun? Galibi ruwan gini daga 'yan garuwa ko tanka ake saye, wuta kuma sai janareto, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kunna janareto ya koma. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, dole a wanke tiyo nan take, in ba haka ba kwaɓin ya daskare a ciki a yi asararsa. Akwai injinan da ke karɓar kwaɓin da aka haɗa a wurin aiki, har da masu araha daga Sin, to amma su kuma yashi ne matsalarsu. Yashin rafi da tifa ke juyewa a ƙofar gini cike yake da tsakuwa da ɓawon itace da laka. Birkila yana jin tsakuwa a bakin cokali ya ture ta gefe, inji kuwa sai ta toshe masa hanya ko ta cinye robar famfon. Wannan roba kayan lalacewa ce da ake sauyawa a kai a kai, daga waje ake kawo ta, da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin duk abin da ya tsallako teku ya ninka.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Injin watsa kwaɓi kawai yake yi, ba ya gama filasta. Bayan an fesa, sai mutum ya bi da miƙaƙƙen katako ko ƙarfe ya daidaita, ya jira kwaɓin ya ɗan sha iska, ya bi da katakon shafa, ya fitar da kusurwoyi da bakin taga da na ƙofa. Wannan shi ne ɓangaren da ke buƙatar ƙwarewa, kuma shi ne ke cin lokaci. Abin da injin ya ɗauke shi ne aikin ƙarfi na ɗauko kwaɓi da jefa shi a bango. A dogon bango mai faɗi wannan babban sauƙi ne. A ɗaki ciki da falo mai tagogi da ƙofofi da lungun banɗaki, lokacin da za a ɓata wajen jan tiyo, rufe tagogi da leda don kada feshi ya ɓata su, da wanke inji bayan an tashi, yakan cinye saurin da aka samu. Ga kuma yadda muke gini. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa ba ya yi wa gidansa filasta a mako guda. Ya sayi buhu goma a ƙarshen wata a yi ɗaki biyu, a dakata sai bayan girbi ko bayan an biya kuɗin makarantar yara. Birkila yana iya zuwa ya yi aikin kwana biyu ya tafi. Mai inji ba zai ɗauko mota da janareto da ma'aikata huɗu saboda ɗaki biyu ba, in kuwa ya ɗauko, kuɗin da zai nema zai sa mai gida ya koma wa birkilansa.

Wanda yake son rage kuɗin filasta, siminti ya kamata ya sa wa ido. A farkon 2024 buhu mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka tsayar da farashi tsakanin naira 7,000 da 8,000, ko da yake kasuwa ba ta bi wannan magana yadda aka so ba. Filastar ciki da aka yi a ƙa'ida kaurinta milimita 12 zuwa 15 ne, da awo ɗaya na siminti a kan awo huɗu zuwa shida na yashi, buhu ɗaya kuma yakan rufe murabba'in mita goma ko ɗan fiye. To amma sau nawa ake samun wannan kauri? Bulon da aka buga da hannu wani ya fi wani, an jera shi ba igiya ba ma'auni, bango ya fito da ciki a nan ya shige a can. Mai filasta ne zai cike ramukan, wani wurin har kaurin ya ninka, simintin ma ya ninka. Inji ba ya miƙar da karkataccen bango. Hasali ma ya fi saurin cinye kwaɓi a kansa, ga wanda ke fantsama ya zube ƙasa idan mai riƙe da tiyo bai ƙware ba. Naira dubu kaɗan da za a ƙara wa mai jera bulo don ya yi aiki da igiya sun fi duk wani inji rage kuɗin filasta.

Masu goyon bayan inji suna da hujjar da ba za a raina ba, wato inganci. Kwaɓin da aka harba da iska yana shiga ƙofofin bulo ya kama sosai, kuma tun da inji ne ke gauraya ruwa da gari, haɗin ba ya sauyawa daga safiya zuwa la'asar kamar yadda yake sauyawa idan lebura ya gaji ko aka fara satar siminti. Wannan gaskiya ne. Sai dai a tambayi abin da ke sa filastarmu tsagewa da ɓanɓarewa. Yashi mai laka, bangon da ba a jiƙa ba kafin a shafa, kwaɓin da ya fara bushewa aka ƙara masa ruwa aka ci gaba da aiki, da kuma babban laifin, rashin ban ruwa. Siminti yana buƙatar danshi na kamar mako guda kafin ya yi ƙarfi. A lokacin hunturu ko tsakiyar zafin Maris da Afrilu, iska takan zuƙe ruwan sabuwar filasta cikin 'yan awoyi, washegari a ga bango ya yi zane-zane. Filastar inji ma haka za ta tsage idan ba a yayyafa mata ruwa ba. Maginan da suka riƙa shafe soraye da makuba daga ɓawon ɗorawa, ko suka haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, sun san cewa ƙarkon yaɓe yana wurin haɗi da haƙuri. Kayan aiki sun sauya, wannan ƙa'ida tana nan.

Inda injin yake da gaskiya shi ne babban aiki mai wa'adi. Rukunin gidaje 3,112 da aka aza harsashinsu a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, ko irin biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a Kano, duk ayyuka ne da gidaje iri ɗaya ke jere da ɗaruruwa. A irin wannan wuri janareto yana nan dama saboda wasu injina, ana iya haƙa rijiyar burtsatse, ana iya ware mutane su riƙa tankaɗe yashi, inji kuma zai yi wata da watanni bai huta ba, don haka kuɗinsa ya rarrabu a kan bango mai yawa. Ɗan kwangilar da ya ci bashin banki da ruwa mai tsada, kowane mako da ya rage kuɗi ne a aljihunsa. Haka dogon bene, inda tura kwaɓi ta tiyo ya fi aminci a kan jerin leburori masu hawa matakala da kwano a ka. Ko a nan ma haya ta fi saye, domin injin da zai yi aikin wata uku ya kwanta wata tara a sito jari ne da aka binne.

Wasu suna ƙin injin ne saboda tsoron zai raba matasa da abincinsu. Ban ɗauki wannan a matsayin hujja mai ƙarfi ba. Ɗaukar kwanon sarki daga safe zuwa yamma ba sana'a ba ce da za a yi wa kishi, kuma injin buga bulo da injin kwaɓa kankare sun shigo ba su kashe aikin gini ba. Amma misalinsu ne ma yake nuna iyakar injin feshi. Sun karɓu ne saboda suna aiki da yashin da muke da shi, makanike na bakin titi yana gyara su, maƙeranmu ma suna ƙera irinsu. Ko ɗan akwatin nan da ake murɗawa da hannu yana watsa siminti mai gurje a jikin katanga ya daɗe da zama gida, domin ba ya neman wuta. Ranar da aka samu masana'antar da ke haɗa garin filasta a buhu a farashin da ya yi kusa da na siminti da yashi, aka kuma samu mai ƙera robar famfo a cikin gida, lissafin zai sauya, ni ma zan sauya ra'ayi. Kafin nan, ƙarancin da ke damun masu gini na ƙwararru ne, shi ya sa ake yawan ɗauko masu tayil da POP daga Togo da Benin. Kuɗin da gwamnatocin jihohi za su kashe wajen sayo injina su raba a taron siyasa, gara su ba Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da kwalejojin fasaha su koyar da jera bulo da gama filasta, tun da ko injin ma ƙwararre yake jira ya bi bayansa.

Saboda haka, mai karatu, idan gidan zamanka kake ginawa, kada feshi ya ruɗe ka. Nemi birkilan da ka ga aikinsa da idonka a wani gida da ya shekara biyu. Sa a tankaɗe yashi, ka tsaya a auna siminti a gabanka, a jiƙa bango kafin a fara, ka kuma ajiye kuɗin ruwan da za a yayyafa safe da yamma har kwana bakwai. Idan kuwa kwangilar gidaje ɗari ce a hannunka, ka yi hayar injin tare da mai sarrafa shi, ka gwada a gida biyar, ka ƙidaya buhunan siminti da litocin dizal da suka tafi kafin ka sa hannu a kan sauran.