Wa ya mai da Auyo bayan gari?

A wata walimar ɗaurin aure a Kano aka gabatar mini da wani likita, aka ce ɗan Haɗejiya ne. Na tambaye shi wace unguwa, ko Matsaro ko Majema ko Dubantu. Sai ya yi murmushi, ya sassauta murya kamar mai faɗin aibi, ya ce, “A gaskiya can wajen Auyo ne.” Wannan sassauta muryar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da garinsu ke da sarki tun kafin a san za a yi masarautar Haɗejiya, shi ne yau yake raɓawa da sunan birni don kada a ce masa baƙauye. Ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne, mu 'yan boko da muke rubuta tarihin wannan ƙasa, muke koyar da shi, muke kuma zana taswirarta.

Yadda muke ba da labarin

Tambayi duk wani mai ilimi daga wannan yanki tarihin Haɗejiya, zai ba ka shi a zango uku. Na farko 1808, lokacin da Sambo ya zauna a gadon sarauta da tutar Shehu Usmanu. Na biyu Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya yi mulki har ya rasu a fagen yaƙi a Gogaram a 1863. Na uku ranar 25 ga Afrilu, 1906, da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada tare da jarumansa. Duka ukun gaskiya ne, kuma abin tinƙaho ne. Sai dai labari ne da aka tsaya a ƙofar fada aka bayar. Abin da ke wajen ganuwa ba ya shigowa cikinsa sai a matsayin wurin da aka ci da yaƙi, ko inda ake kawo haraji da hatsi.

Kafin jihadi babu ƙasa guda mai suna Haɗejiya. Ƙananan masarautu ne guda bakwai: Auyo, Garun Gabas, Haɗejiya, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, kowace da sarkinta, dukansu suna biyayya ga Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. A cikinsu Haɗejiya ba ita ce babba ba. Garun Gabas ita ce Biram, wadda duk ɗan firamare ya haddace sunanta a jerin Hausa Bakwai, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Malam Madori. Auyo kuwa, ruwayar baka ta ce 'yar'uwar Shira da Tashena ce, 'yan'uwa uku ne suka zo daga gabas, kowanne ya kafa garinsa. Ko mutum bai yarda da ruwayar ba, akwai shaidar da ba a musunta ta: harshe. Auyokawa suna da yarensu, wanda masana harsuna suka sa a dangi ɗaya da Badanci da Ngizimanci. Russell Schuh, Ba'amurken da ya daɗe yana nazarin harsunan Yobe, ya yi rubutu a kansa a 2001, ya kira mutanen Shira da Tashena da Auyo tsofaffin maƙwabtan Hausa na gabas. Yaren ya mutu. Abin da ya rage 'yan kalmomi ne a takardun bincike. Al'umma guda ta haɗiye harshenta a gaban kakanninmu, ba mu ko yi mata zaman makoki ba.

Ko tarihin fadar da muke ƙauna ba ya tsayuwa sai da Auyo. Rikicin Buhari da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya taso ne daga kisan Nalara, Sarkin Auyo, ɗan'uwan Buhari na jini. Gamon Kafur, inda Buhari ya tarwatsa rundunar da Sakkwato ta haɗo daga Kano da sauran masarautu a farkon shekarun 1850, a ƙasar Auyo aka yi shi, kuma Kafur mazaɓa ce a can har gobe. Muna kirari da nasarar a cikin birni, filin da aka yi ta kuwa mun bar shi ba wanda ya san iyakarsa.

Abin da mantuwa take jawowa

Wani zai ce, to sai me? Tarihi ba ya cika tumbi. Amsar tana cikin kogi.

Kogin Haɗejiya daga kudu maso yamma yake gangarowa, kuma sai ya ratsa ƙasar Auyo kafin ya iso birni. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sauya. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu kusan duk shekara yana gudana, wannan kuwa ya ba kachala damar toshe hanyoyinsa, yashi da laka suka cike cikinsa. Idan ruwa ya yi yawa sai ya nemi wata hanya. A 2018 da 2020 da 2022 mun ga abin da ya biyo baya: gonakin shinkafa sun nutse, gidajen ƙasa sun narke, mutanen ƙauyuka sun koma kwana a makarantu da bakin titi. Matasan Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga, kuma sun cancanci yabo. Amma ruwan da jinga ta hana shiga birni ba ƙafewa yake yi ba. Wani wuri yake zuwa, kuma a wurin akwai mutane. Duk shirin da ya fara da tambayar yadda za a ceci birni, maimakon yadda za a ba ruwa hanya daga Auyo har Guri, shiri ne na tura masifa gidan maƙwabci.

Haka abin yake a wajen arziki. Babbar madatsar aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a ƙasar Auyo take, ta wajen Gamsarka, kuma can shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya je a farkon 2023 ya buɗe aikin bayan an gyara shi da kuɗin Bankin Duniya. Ƙasar ta Auyo ce, manoman na Auyo ne, ambaliyar ma su take fara ci. Sunan da ke jikin aikin kuwa, da shinkafar idan ta isa kasuwa, na Haɗejiya ne.

Ga kuma taswira. Ƙaramar hukumar Haɗejiya faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 32 ba, ta Auyo kuwa ta haura 500. A ƙidayar 2006 Auyo tana da mutum sama da dubu 130, Haɗejiya kimanin dubu 105. Birnin da ke cikin irin wannan ƙunci dole ya tumbatsa cikin ƙasar maƙwabta, kuma yana tumbatsa. Wa ke yanka filayen? Su waye masu saye? Mu ne: ma'aikacin gwamnati, ɗan kwangila, malamin jami'a, likita. Muna sayen gonar da kakan wani ya san shekarun da ruwa yake cinye ta, mu zuba ƙasa mu yi gini, ranar da ruwa ya dawo gidansa mu ce ƙaddara. Wanda ya ɗauki wajen gari a matsayin fili maras tarihi ba zai tsaya tambayar dattawa inda ruwa yake kwana ba.

Darasi daga wani tsohon gari

A kudancin Ingila akwai birnin Solsberi. Asalin garin a kan tudu yake, wurin da ake kira Tsohuwar Sarum. Ƙarancin ruwa da rashin jituwa tsakanin limaman majami'a da sojojin gidan sarki suka sa a 1220 aka sauko kwari, bakin kogin Avon, aka kafa harsashin sabuwar majami'a, gari ya bi ta. Tsohon garin ya zama kufai, har duwatsunsa aka kwashe. Duk da haka yau kufan yana hannun hukuma, an killace shi, baƙi suna biyan kuɗi su shiga, yaran makaranta suna sanin daga nan birninsu ya taso. Fadamar da ke gefen majami'ar kuma, ta wajen Harnham, an bar ta ba gini, ciyawa da tumaki ne a cikinta, idan kogi ya cika nan yake shimfiɗa ƙafa. Ban kawo wannan don Turawa sun fi mu hankali ba, su ma sai da suka rushe da yawa kafin su farga. Na kawo shi ne don namu ya fi nasu sauƙi. Sarum kufai ce, Auyo kuwa da mutanenta, da hakiminta, da dattawan da za a iya zama a gabansu a yi tambaya.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Na san wasu za su ce tono tarihin kafin jihadi tayar da zancen Haɓe da Fulani ne. Wannan tsoro ba shi da tushe. Shekara ɗari biyu na auratayya sun gauraya jinin kowa, kuma sarautar Auyo kanta ta daɗe a hannun gidan sarautar Haɗejiya. Faɗin cewa masarauta ta ginu ne a kan garuruwa bakwai ba ya rage wa Sambo komai, sai ma ya nuna girman abin da ya haɗa. Kano ba ta rasa martabarta ba don ta riƙe labarin Dala da Barbushe da Bagauda. Tushiya mafarin dawa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya. Su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya zuwa Auyo da Auyakayi da Kafur da Garun Gabas, su naɗi jerin sarakuna, sunayen unguwanni da fadamu da tafkuna, da duk wata kalma da ba Hausa ba wadda ta maƙale a bakin tsofaffi. Majalisar masarauta ta sa a shata abin da ya rage na tsofaffin ganuwoyi da filin Gamon Kafur kafin masu bulo su gama da su. Gwamnatin Jigawa kuma ta yi wa Haɗejiya da Auyo da Malam Madori da Kirikasamma tsarin gari guda ɗaya, wanda zai fayyace inda ba za a yi gini ba ko da wa ya sayi filin, kuma a zana shi da masunta da manoman da suka san kogin, ba a ofis a Dutse kaɗai ba.

Kafin duk wannan akwai abin da ke hannunmu. Idan aka tambaye ka garinku, ka faɗi sunansa da muryar da kake faɗin digirinka. Likitan nan na walima, in wannan takarda ta iso gare ka, ranka ya daɗe, daga Auyo kake.