Ruwan Zafi Da Hunturu: Wace Hita Ta Dace Da Gidajenmu?

Duk wanda ya san hunturun Bakori da Funtuwa da Malumfashi ya san cewa daga Disamba zuwa Janairu ruwan wankan asuba ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ma'aikata masu gina gidaje suke tambayar wace hita za su kafa: mai tanki, wadda ke dafa ruwa ta ajiye, ko marar tanki, wadda ke dumama shi sa'ad da yake ratsa bututu.

'Yan kasuwa sun fi yabon marar tanki, kuma suna da hujja. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a gidan da ba ya wuce galan 41 na ruwan zafi a rana, irin wannan hita ta fi tattalin wuta da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari, domin babu tankin da zafinsa ke zurarewa dare da rana. Amma wannan lissafi ne na ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, famfo kuma ba ya ƙafewa.

Bokiti mai lita 20, in za a ɗaga zafinsa daga digiri 15 zuwa 40, yana cin kusan yunit 0.6, ko da wace hita aka dafa shi. Bambancin yana ga yadda ake jawo wutar. Marar tanki tana bukatar kamar kilowat 7 a lokaci guda, wato kusan amfiya 30, nauyin da wayoyin yawancin gidajenmu ba a yi su dominsa ba, balle ƙaramin janareta. Tilas ne kuma wutar KEDCO ta kasance a daidai lokacin wankan, da ƙarfinta, ga ruwa na gudu a famfo. Mutum nawa ne a Bakori za su iya rantsuwa da haka?

Mai tankin lita 50 kuwa kilowat ɗaya da rabi ya ishe ta, cikin sa'o'i biyu ta gama. In wuta ta zo da tsakar dare, ruwan zai kai asuba da zafinsa. Aibinta na hannun mai gida ne, wanda ke barinta a kunne har mako. Tun da aka kai yunit Naira 225 ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan sakaci ya zama asara, ko da mutum yana ƙaramin rukuni.

A ganina, mai tanki ce ta dace da mu, a kunna ta kusa da bukata, a kashe. Hukuma kuma ta duba hita mai aiki da hasken rana, musamman a makarantun kwana da asibitoci, domin akasarin gidajen wannan yanki har gobe da itace da karan dawa suke dafa ruwan wanka, ɗalibai kuwa da ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti, wanda ke iya kashe mai taɓa ruwan yana kunne.