Kafin a Kira Mai Tifa: Sharar Gyaran Gida da Makomar Gonakin Minjibir

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, kaka na wucewa sai aikin gyaran gida ya kankama. Manomi ya sayar da gyaɗa ko wake, ruwan sama ya ɗauke, sai hankalinsa ya koma kan katangar da damina ta zaizaye, da ɗakin da ya kwana yana yoyo, da zauren da ke neman faɗuwa. Wani ya yi yaɓe, wani ya sauke ginin ƙasa ya ɗora na bulo, wani kuma ya cire azara ya buga kwano. Duk wanda ya yi irin wannan aiki ya san cewa ranar da magini ya kwashe kayan aikinsa ba ita ce ranar gama aiki ba, domin tulin ɓaraguzai da shara yana nan a ƙofar gida yana jiran mai ɗauka. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ina ya kamata wannan tuli ya tafi, kuma wa zai biya kuɗin tafiyarsa? Ra'ayin da za a kare shi ne, a wuri kamar Minjibir, inda gida da gona suke kafaɗa da kafaɗa, bai kamata a kira mai mota ba sai an raba shara kashi-kashi, kuma abin da ƙasa ba za ta iya ci ba kaɗai ya cancanci a biya kuɗin hayar kwashe shi.

Yadda Ake Yi a Ingila

A Ingila, idan mutum zai gyara gidansa ko zai sassabe lambun bayan gida, yakan ɗauki hayar wani babban kwandon ƙarfe mai buɗaɗɗen baki. Kamfani ne ke kawo shi a mota, ya ajiye a ƙofar gida na wasu kwanaki, mai gida ya cika shi, sannan mota ta dawo ta ɗauke. Idan a kan titi za a ajiye kwandon, sai an nemi izinin ƙaramar hukuma. Akwai kuma abubuwan da kamfanoni ba sa yarda a jefa a ciki, irin su batir da taya da fenti da tsohon silin mai asbesto. Tun daga shekarar 1996 gwamnatin ƙasar ta sa haraji a kan sharar da ake binnewa, saboda haka kamfanonin suke tsince abin da zai sake amfani kafin su kai saura juji.

Wanda ya ji wannan bayani zai iya cewa abin da ya rage wa Minjibir shi ne a kawo mata irin wannan kwando. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Baturen da ke cika kwando da ganye da rassan itace mutum ne da ba shi da akuya, ba shi da murhu, ba shi da gonar gero. Abin da ya dace a ara daga wannan tsari ƙa'idoji biyu ne: wanda ya tara shara shi ke biyan kuɗin kwashe ta, kuma ba kowace shara ake haɗawa da 'yar'uwarta ba.

Abin da Magabata Suka Sani

Minjibir tana cikin yankin da ke kewaye da birnin Kano, wanda masana labarin ƙasa, irin su Michael Mortimore, suka yi nazarinsa tun shekarun 1960 saboda yawan jama'arsa da kuma yadda ake noma gonakinsa kowace shekara ba tare da hutu ba. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000. Ƙasar yankin jigawa ce mai yashi, wadda ba ta riƙe albarka da kanta. Abin da ya hana ta mutuwa duk tsawon wannan zamani shi ne taki.

A tsohon tsari, kusan babu abin da ke fita daga gida ya tafi a banza. Kashin awaki da tumaki daga turke, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, duk ana tara su a juji, da rani ya yi nisa a kwashe a mangala a kai gona. Harawar wake da ta gyaɗa abincin dabbobi ce. Karan dawa ya zama darni ko makamashi, tokarsa kuma ta koma juji. Jakunan da suka kai itace da hatsi birni ba sa dawowa haka nan, sukan dawo ɗauke da takin birni. Ta haka sharar Kano ta riƙa zama hatsin ƙauyukanta.

Ginin ƙasa ma yana cikin wannan zagaye. Idan katanga ta faɗi, ana jiƙa ƙasarta, a sake kwaɓawa da ciyawa, a yi tubali, ta sake miƙewa. Wadda ba a buƙata a cike rami da ita ko a watsa a gona, kuma kowane manomi ya san yadda hatsi ke kyau a kufai. Azara mai lafiya a mayar da ita rufi, wadda gara ta ci ta shiga murhu. Saboda haka magabata ba su da matsalar ɓaraguzai, domin kayan gininsu daga ƙasa suka fito kuma ƙasa ke karɓarsu.

Abin da Ya Sauya

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kayan gini sun sauya, kayan masarufi sun sauya, amma al'adar zuba komai a juji ɗaya tana nan yadda take. Gidan da ake gyarawa a yau yana fitar da fasassun bulo, da dasƙararren siminti, da gutsattsarin tayil da gilashi, da buhunan siminti, da gwangwanayen fenti, da wayoyin lantarki, da ƙusoshi. Daga tsakar gida kuma ga leda baƙa da fara, ga ledar ruwan sha da ta bazu tun shekarun 1990, ga robobin lemo, ga mataccen batirin tocila da na rediyo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ruɓewa a damina ɗaya ko goma.

Illar wannan gaurayen tana bayyana a wurare uku. Na farko a gona. Leda idan ta shiga ƙasa tana tare ruwa da saiwa, tana naɗe bakin garma, gilashi da ƙusa kuma suna jiran ƙafar mai noma da ta yaron da ya kawo masa abinci. Na biyu a cikin dabbobi. Da rani, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, akuya da tunkiya da saniya suna cin ledar da ke da ƙanshin abinci, ta dunƙule a tumbi, dabba ta riƙa ramewa ana ta ba ta magani a banza. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, domin su ke ciro dunƙulen da hannunsu. Na uku a hanyar ruwa. Ɓaraguzan da aka jibge a lungu ko a bakin kwata suna karkatar da ruwan sama zuwa gindin katangar maƙwabci, wanda sau da yawa shi ne mai ginin ƙasa, wato wanda bai da halin yin bulo. Mai hali ya gyara gidansa, marar hali ya kwana yana tare ruwa.

Takin birni ma ba kamar da yake ba. Tifa ta maye gurbin jaki a wurare da yawa, kuma manoman kewayen Kano kan biya direba ya juye masu sharar birni a gona. Wanda ya bi ta irin waɗannan gonaki da rani zai ga leda tana kaɗawa a jikin tushiya kamar an shuka ta. Mutanen Minjibir ba baƙi ba ne ga abin da birni ke aikowa, domin kogin Jakara, wanda ke ɗauke da ruwan kwatocin Kano, da rafin Getsi da ke biyowa ta unguwar masana'antu ta Bompai, a madatsar ruwa ta Wasai suke zubewa. Yankin da ke karɓar wannan kaya daga waje bai kamata ya ƙara wa kansa wani daga cikin gida ba.

Kashi Huɗu Kafin a Kira Mota

Mafita ba ta buƙatar injin da za a sayo daga waje. Mai gyaran gida zai ware wurare huɗu tun ranar da aka fara aiki, ya kuma sanar da magini da leburori. Kashi na farko shi ne abin da ƙasa ke ci: tsohuwar ƙasar gini, da toka, da ganye, da ruɓaɓɓen zana, da sharar turke. Wannan na gona ne. Kashi na biyu shi ne abin da ke da mai saye: guntayen rodi, da tsohon kwano, da gwangwani, da waya, da roba mai kauri. 'Yan gwangwan suna yawo gida-gida neman su, kuma kuɗin da za su bayar zai rage wani abu daga kuɗin aiki. Kashi na uku shi ne fasassun bulo da siminti, waɗanda ke da amfani wajen cikon daɓe da harsashin gini da ramukan hanya, muddin an farfasa su an daddale, kuma an nemi shawarar mai unguwa kafin a zuba su a hanyar jama'a. Kashi na huɗu shi ne abin da ba shi da gurbi a gida ko a gona: leda, da gilashi, da batir, da ragowar fenti, da kwalaben maganin feshi, da tsohon silin mai asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu idan aka farfasa shi a bushe.

Wannan kashi na huɗu ne kaɗai ke buƙatar haya. Idan an raba shara haka, tulin da a da sai tifa, yanzu amalanke ko a-kori-kura ta ishe shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin sufuri ya tashi, saboda haka duk sawun da aka rage riba ce. Maƙwabta uku ko huɗu da ke gyara a lokaci ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne mai gida ya san inda direba zai juye kayan. Wanda ya biya kuɗi aka kwashe sharar ƙofarsa aka zubar a gonar wani ko a bakin rafi bai sauke nauyi ba, ya dai ɗora wa wani ne.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa kwashe shara aikin hukuma ne. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma jihar Kano tana da hukumar REMASAB, ko da yake ƙarfinta ya fi karkata ga ƙwaryar birni. Haƙƙin ƙaramar hukuma ne ta ware wa kowane babban gari wurin zubar da kashi na huɗu, nesa da rijiya da rafi da makaranta, ta kuma ƙarfafa aikin duba-gari. Amma sharar gyaran gida ba irin ta yau da kullum ba ce. Mutum ne ya zaɓi ya rushe ya gina don amfanin kansa. Wanda ya iya sayen buhun siminti hamsin bai kamata ya ce kuɗin sawun amalanke ya gagare shi ba. Kamata ya yi kuɗin kwashe ɓaraguzai ya shiga lissafin gini tun farko, kamar kuɗin yashi da na ruwa.

Wasu kuma na cewa rarraba shara ɓata lokaci ne, ƙona ta ya fi sauƙi. Wuta tana rage girman tuli, amma ba ta kawar da gilashi da batir, hayaƙin leda da roba kuwa yana shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Bayan haka, ƙona ganye da sharar turke asarar taki ce a lokacin da buhun takin zamani ya fi ƙarfin manoma da yawa. Wahalar rarrabawa ta yini ɗaya ce, amma tsintar leda da kwalba a gona aikin shekaru ne.

Akwai kuma masu ganin a jira doka, kamar yadda Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Doka tana da amfani, sai dai ba za ta shiga tsakar gida ta ware toka daga batir ba. Wannan aikin hannun masu gida ne.

Rawar Malamin Makaranta

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana da kaso a cikin wannan magana. A ƙauye, yara ne ake aika zubar da shara, su ne kuma ke kai taki gona, saboda haka abin da suka koya a aji yana isa juji kafin ya isa ko'ina. Malamin Hausa zai iya tattara kalmomi irin su juji da bola da mangala da tubali da kufai, ya sa ɗalibai su tambayi iyaye da kakanni yadda ake yi da tsohuwar katanga a da, su rubuta insha'i a kai. Zai iya haƙa rami biyu a bayan aji, a binne ganye a ɗaya, leda a ɗayan, a tone bayan damina kowa ya gani da idonsa. Makarantar da ta ware ramin taki daban da buhun tara leda ta koyar da darasin da ba ya buƙatar allo.

Kammalawa

Gonakin Minjibir sun daɗe suna ciyar da jama'a mai yawa saboda mutanenta sun san abin da ya kamata a mayar wa ƙasa. Wannan sani bai tsufa ba, ƙari kawai yake buƙata, wato sanin abin da bai kamata a ba ta ba. Mai gyaran gida ya raba shararsa, ya kai na gona gona, ya sayar da na sayarwa, ya yi ciko da na ciko, sannan ya biya kuɗin kwashe saura zuwa inda hukuma ta ware. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma gonar da aka kiyaye yau ita ce 'ya'ya za su gada gobe.