Madugun da Bai Taka Hanya Ba: Labarin Man Gansakuka da Abincin Kifi

Jama'a, malamai da 'yan kasuwa na Dingaya da Sara da Gwaram da Birnin Kudu, yau maganarmu a kan gansakuka take. Kada mai karatu ya yi dariya. Wannan koriyar aba da muke kawarwa da hannu kafin mu ɗebi ruwan kududdufi, ita ce manyan attajiran Amurka suka zuba wa dukiya mai ɗimbin yawa, suna so su tatso mai daga jikinta su sa wa mota da jirgin sama, tunkuzar da ta rage kuma su ciyar da kifi. Abin da ya sa muka ɗauko labarin kuwa shi ne, tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, mai injin ban-ruwa da mai kiwon tarwada kowa kuka yake yi, wannan da tsadar mai, wancan da tsadar buhun abinci. A irin wannan hali duk wanda ya zo da zancen mai mai araha ko abincin kifi mai araha ba zai rasa masu saurare ba. Galibi kuma abin da irin waɗannan baƙi ke fara nunawa shi ne takarda mai ɗauke da sunayen shugabannin kamfaninsu: wannan ya yi shekara kaza a kamfani kaza, wancan shaihun malami ne a jami'a kaza. To, bari mu duba waɗanda suka riga suka bi hanyar, mu ga abin da sunayen suka tsinana musu.

Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja neman goro sun san darajar shugaba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki. Ba a kuwa ba mutum madugu don yawan dukiyarsa ko girman rawaninsa. Sai wanda ya taka hanyar da ƙafarsa sau da yawa, ya san inda rijiya take, ya san mashigin kogi, ya san sarkin da ake biya fito da wanda ake kauce wa. Mutumin da ya ƙware a hanyar Bilma ta gishiri, in aka sa shi gaban ayarin Salaga, baƙo ne, ko da furfura ta cika masa kai. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna waɗannan kamfanoni da shi.

Sai mu fara da yadda aikin yake, domin wanda bai san aiki ba ba ya iya auna mai aiki. Gansakukar da ake nufi ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya rarrabewa, suna yawo cikin ruwa, suna girma da hasken rana da taki da iskar da ke fita daga hayaƙi. Ana haƙa tafki marar zurfi, a sa inji yana motsa ruwan dare da rana. Wasu irinta suna ninka kansu cikin yini guda, wannan saurin ne kuwa ya ruɗi mutane. Amma ga inda gizo ke saƙa. Ruwan da ka gani kore shar, in ka ɗebi durom mai cin lita 200 ka tace ka shanya, abin da zai rage maka giram 100 ne zuwa 200, watau bai fi cikin tafin hannu ba. Man da ke ciki kuma galibi bai wuce rubu'i ko sulusin wannan ba. Ka kwatanta da gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne, ga ta kuwa a bushe a hannunka. Raba gansakuka da ruwa yana cin wuta da kuɗi. In ka hana ta taki don ta tara mai, sai ta daina girma. In ka ba ta taki ta yi girma, sai man ya ragu. Daɗa kuma tafkin a buɗe yake: iska takan kawo wata gansakukar jeji ta danne ta gida, ko wasu ƙananan halittu su afka mata, tafkin da aka yi wata ana reno ya mutu cikin kwana biyu.

Wannan duk ba ɓoyayyen ilmi ba ne. Gwamnatin Amurka ta yi shekara 18 tana binciken al'amarin, daga 1978 zuwa 1996, malamanta suka tara iri wajen 3,000, daga baya aka rufe aikin, aka kuma buga bayaninsa a 1998, cewa man yana samuwa amma kuɗinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba. Da gangar ɗanyen mai ta hau har ta kai dala 147 a watan Yuli 2008, sai aka manta da wannan bayani, ko kuwa aka karanta aka ce ai mu mun fi na da dabara.

Ɗauki kamfanin Sapphire Energy, wanda aka kafa a birnin San Diyego a 2007. Cikin masu zuba masa jari har da kamfanin jarin Bill Gates. A 2009 gwamnati ta ba shi kyautar dala miliyan 50, ta kuma tsaya masa lamunin rance na dala miliyan 54 da rabi. A shekarar ce ya ɗauko Cynthia Warner, wadda ta shekara fiye da ashirin a Amoco da BP har ta zama ɗaya daga cikin manyan masu kula da matatunsu, a 2012 kuma ta zama shugabar kamfanin. Wa zai ce ba ta ƙware ba? Lalle ta ƙware, a kan tace mai. Kuma don kada mu ci amanar gaskiya, a zamaninta ne kamfanin ya biya wancan rance kaf a 2013, man da suka fitar kuwa ya tacu ya yi aiki. Sai dai ciwon ba a matata yake ba. A tafki yake, can gonarsu ta Kolombus a jihar Niyu Meziko, inda aka yi nufin eka 300 aka tsaya a wajen 100. Noma ne ya gagara yin araha. Ko jirgin saman kamfanin Continental da aka yi ta yayatawa ya tashi da mansu a watan Janairu 2009, in ka bincika sai ka tarar inji ɗaya aka zuba wa gaurayen, rabinsa man jirgi ne na kullum, ɗaya rabin kuma mafi yawansa na bini-da-zugu ne, irin wanda muke shinge da shi. Na gansakukar ɗan ɗigo ne. Da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairu 2016, magana ta ƙare. A 2017 aka sayar da kamfanin da araha.

Labarin Solazyme ya fi wannan daɗin nazari ga ɗan kasuwa. Abokai biyu suka kafa shi a 2003, Jonathan Wolfson masanin shari'a da sha'anin kuɗi, da Harrison Dillon masanin ƙwayoyin gado. Su sun guje wa tafki, suka zuba gansakukarsu cikin manyan tankunan ƙarfe a duhu suna ciyar da ita sukari. Dabarar ta kawar da cutar tafki, amma ta jawo wata: ka sayi sukari ka mai da shi mai, sa'an nan ka sayar da man a farashin fetur, ina riba? A ƙarshen 2011 sojan ruwan Amurka suka sayi galan 450,000 na man tsiro daga hannunsu da wani kamfani a kan dala miliyan 12, watau galan guda ya tashi wajen dala 26, alhali kuwa na kasuwa bai kai rubu'in haka ba. Gwamnati tana iya saye haka don gwaji, direban tirela ba zai saya ba. Duk da haka a shekarar nan sun sayar da hannun jari sun tara wajen dala miliyan 200, domin shugabanninsu gwanaye ne wajen shawo kan masu kuɗi. Wannan ma ƙwarewa ce, ita ce kuwa wadda ya kamata mai jari ya fi tsoro. Suka gina babbar masana'anta a Barazil tare da kamfanin Bunge kusa da gonakin rake. A 2016 suka sauya suna zuwa TerraVia suka bar zancen mai, a 2017 suka karye, wani kamfanin Holan mai suna Corbion ya saye su a kan dala miliyan 20.

To, ga abin lura. Masana'antar Barazil ba ta mutu ba. Abin da ya rayar da ita shi ne wani gari mai suna AlgaPrime da ake zubawa cikin abincin kifin salmon da ake kiwo a irin su Norwe. Dalili kuwa, kitsen nan mai amfani da ake nema a jikin kifin teku asalinsa daga gansakuka yake, kifi ci yake yi ya tara. Masu kiwo suna biyansa da tsada domin man kifin teku yana ƙaranci. Ashe abin da aka ɗauka tunkuza shi ne hajar, abin da aka ɗauka haja kuwa shi ne asara. Kamfanin Cellana na tsibirin Hawayi, wanda cikin masu kafa shi akwai masanin halittun teku Mark Huntley, ya yi tarayya da Shell a 2007, Shell ya janye a 2011, shi ma sai ya karkata ga kitsen abinci da abincin kifi da dabbobi, ya mai da mai haja ta baya. ExxonMobil, babban cikinsu, ya yi shelar dala miliyan 600 a 2009, ya kashe fiye da miliyan 350, ya tattara kayansa a ƙarshen 2022. Mu a nan mun san irin wannan juyi: Alhassan Ɗantata da goro ya fara, da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe sai ya juya. Bambancin kawai, shi ya juya tun da jarinsa a hannu, waɗancan galibinsu sai da jarin mutane ya ƙone.

In ana neman waɗanda suka ƙware da gaske a wannan sana'a, ba sai an haye teku ba. A ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani dangin gansakuka daga tafkunan kanwa, su zuba a kan rairayi ya tsane ya bushe, su farfasa su kai kasuwa. Sunansa dihe, ana miya da shi. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wadda yanzu ake kira Injamena, aka auna aka tarar fiye da rabin nauyinsa abin gina jiki ne. Turawa suna ce masa sifirulina, yanzu ana nomansa a ƙasashe da yawa. Me ya sa nasu bai mutu ba? Ruwan kanwa ba ya barin wata gansakukar ta zauna balle ta danne shi, rairayi shi ne matacinsu, rana ita ce wutarsu, abinci suke sayarwa kuma ba su taɓa gasa da fetur ba. Matsalolin nan uku da suka kayar da masu digiri, waɗannan mata sun kewaye su tun kaka da kakanni.

Mu dawo gida. Mai kiwon tarwada a ƙasar Gwaram ya sani abinci shi ke cinye wajen sulusi biyu na kuɗinsa, saboda haka in akwai wata fa'ida a gansakuka gare mu, a nan take. Amma a yi hattara, tarwada ba ta ƙoshi da koren ruwa. Karfasa ce ke cinsa, shi ya sa masu kiwonta ke zuba ɗan kashin kaji a tafki don ruwan ya yi kore. In kuwa koren ya yi yawa, da dare sai ya shanye iskar ruwan, a wayi gari kifi sun taso sama suna haki, wasu ciki sama. Ga kuma bazararmu, wadda ke shan tafki marar zurfi kamar da gayya. Wanda ya taɓa kwana a bakin tafkinsa don tsoron asuba ya san waɗannan, wanda kuwa a ofis ya yi shekarunsa sai an gaya masa.

Malamanmu sun san babin ƙiradi a littattafan fiƙihu. Mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya yi fatauci, a raba riba da rabo sananne kamar rabi ko sulusi, ba a yanka wa kowa adadi tsayayye. In aka faɗi ba tare da ta'adi ko sakaci ba, asarar dukiya a kan mai dukiya take, mai aiki wahalarsa kaɗai ya yi asara. Watau shari'a ba ta bar wa mai jari wata garkuwa ba face zaɓen wanda zai danƙa wa. Haka kuwa ta faru a Amurka: masu hannun jarin TerraVia suka tashi hannu rabbana, shugabanni da yawa na irin waɗannan kamfanoni suka sami wasu kujerun. Sun kuma san sayar da kifin da ke cikin ruwa ba a kama ba yana cikin misalan garari da aka hana. Man da ba a tatso ba, daga gansakukar da ba a noma ba, a tafkin da ba a haƙa ba, malamai su faɗa mana sunansa.

Don haka ranar da mai takarda ya sauka a zauren wani alhaji a Dingaya, ko a rumfarsa ta kasuwar Sara, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, a ajiye jerin sunayen gefe guda. A tambaye shi wane ne cikin mutanen nan ya taɓa renon tafki daga damina har ya fita bazara, sau nawa ya mutu masa, me ya kashe shi. A tambaye shi nawa kilo guda busasshe ke tashi a hannunsa, wa ya saya bara, a kan nawa, da kuɗin gwamnati ko da na kasuwa. In ya ce mai zai sayar, a tuna masa da dala 26. In ya ce abincin kifi ne, a roƙe shi buhu biyu, a kai wa masu ilmin kifi, irin na cibiyar bincike ta Sabuwar Bussa ko na jami'ar Dutse, su auna abin da ke ciki. Sa'an nan a raba 'ya'yan tarwada gida biyu, waɗannan a ba su nasa, waɗancan a ba su na kasuwa, bayan wata huɗu a ɗora su a sikeli a gabansa.