Kiɗan Ƙananan Ƙabilu Shi Ma Kiɗan Ƙasa Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, yau kuwa muna so mu ɗora ta a gaban malaman makaranta da akawuna, domin su ne ke riƙe da alli da alƙalami, abin da suka rubuta kuwa shi ke zama.

A wata kwalejin horon malamai da mu ke dubawa an shirya daren wasanni na ƙarshen shekara, aka ce kowane ɗalibi ya kawo waƙar garinsu. 'Yan Kano da na Katsina suka tashi suka yi tasu, aka yi ta tafi. Da aka zo kan wani yaro mutumin ƙasar duwatsu, sai ya tashi ya rera waƙar fim ta Hausa. Bayan an watse muka kira shi, muka tambaye shi ko mutanensu ba su da waƙa ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai, amma bara da na yi dariya aka yi mini, aka ce kiɗan ƙauye ne." To, wannan yaro fa baɗi war haka an ba shi aji. Malamin da ke jin kunyar waƙar da uwarsa ta yi masa yana goye, me zai gaya wa yara game da tasu?

Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci don aikin Majalisar Tarayya. Ba mu ƙi wannan ba, sabo da majalisa ba ta iya zama da tafinta ɗari biyar. Amma abin da aka shirya don sauƙin aiki ya bi mu har fagen kiɗa. In za a nuna ƙasa ga baƙo, sai a kawo makaɗan manyan ƙabilu uku a gaba, sauran kuwa a jera su bakin hanya cikin rana, su buga ganga har motar baƙo ta wuce, sa'an nan a sallame su ba wanda ya san sunansu. Mu a ganinmu wannan ba daidai ba ne, tarihin kiɗan ƙasar nan ma bai yarda da shi ba.

Bari mu duba. A zamanin garmaho, Rex Lawson, mutumin Kalabari, ya yi waƙoƙi da harshensu, aka yi rawarsu daga Fatakwal har Sabon Garin Kano, alhali yawancin masu rawar ba su jin ko kalma ɗaya. Ya rasu cikin haɗarin mota a 1971. Victor Uwaifo na Binin ya ɗauki tatsuniyar wani ɗan kokawa ta mutanensu ya mai da ita waƙar Joromi, ta ƙetare iyakar ƙasa ta gama Afirka ta Yamma. A nan Arewa, Hajiya Fatima Lolo, mutuniyar Patigi, ta shekara da shekaru tana waƙa da Nufanci a fadar Bida, har Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar girma ta MON kafin rasuwarta a 1997. Bongos Ikwue na Idoma shi ya yi waƙar buɗe wasan talabijin ɗin nan Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980, gida gida aka haddace ta. Kiɗan Swange na Tibi ya fita daga Binuwai tun da daɗewa, wasansu na Kwagh-hir kuwa hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon 'yan Adam a 2019. Duk wanda ya cire waɗannan daga kiɗan Nijeriya, ya rage wa ƙasar arziki da hannunsa.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ƙasa tana neman haɗin kai, tuna wa kowa ƙabilarsa kuwa rarraba ce. Amsarmu ita ce, tsoron ƙananan ƙabilu ba waƙa ce ta kawo shi ba. Tun 1957 Turawa suka naɗa kwamitin Willink don ya bincika wannan tsoro, ya ba da rahotonsa a 1958. An yi jihohi 12 a 1967, an yi ta ƙari har suka kai 36 a 1996, amma har yau kukan a danne mu bai ƙare ba. Mutum ya kan yi kukan danniya ne in ya duba abin da ake kira na ƙasa bai ga nasa a ciki ba. In ya ji gangar garinsu a rediyon ƙasa, da rana tsaka, an faɗi sunan makaɗin da girmamawa, hankalinsa ya kan kwanta.

In ana son misali, ga maƙwabtanmu na Nijar. Abzinawa kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na mutanen ƙasar. Sa'ad da suka yi tawaye daga 1990 zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995, waƙoƙinsu na jita a ɓoye ake jinsu cikin kaset, domin hukuma ta ɗauke su muryar tawaye. Da rikici ya sake tashi a 2007, sai da makaɗin nan Bombino ya gudu Burkina Faso. A 2010 ya komo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, jama'a suka taru. A 2019 sunansa na cikin masu takarar lambar Grammy ta Amurka, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai can. Wani kuma, Mdou Moctar, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, aka yi ta tura su daga waya zuwa waya cikin Sahara. Kiɗan da aka hana jiya, da shi mutanen ƙasashe masu nisa da yawa suka fara jin sunan Nijar. Shin sai baƙi sun yaba namu kafin mu san darajarsa?

Waɗansu kuma za su ce irin wannan kiɗa ya cuɗanya da tsafi da shan giya. Lalle akwai irin wannan, ba mu kuwa ce a kawo shi aji ba. Amma ai mu ma muna da kiɗan bori, bai sa mun yar da Narambaɗa da Shata da Ɗan Maraya ba. Har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Yadda mu ke tsince namu, haka za a tsince nasu. Akwai waƙar noma, da ta niƙa, da ta rarrashin jariri, da ta kai amarya, da ta tarihin yadda kakanni suka hau dutse. Wace ce cikinsu ta saɓa wa addinin kowa?

Akwai kuma abin da ya wajaba mu masu jin Hausa mu faɗa wa kanmu, ko da ba daɗi. Harshenmu ya yi ƙarfi, alhamdu lillahi, amma babbar itaciya inuwarta ta kan hana ƙananan tsiro girma. Ina harshen Auyokawa da na Shirawa da na Teshenawa? Ina na Ajawan ƙasar Bauchi? Duk sun mutu, jikokin masu su Hausa su ke yi. Ba wanda ya tilasta musu da takobi, kasuwa da aure da zama tare ne suka yi aikinsu. Abin lura kuwa shi ne, in harshe zai mutu, ya kan fara barin kasuwa, sa'an nan ya bar tsakar gida, wurin da ya kan saura daga ƙarshe shi ne bakin tsohuwa mai waƙa. Ran da aka rufe ta, an rufe shi. Don haka nauyin ya fi hawa kanmu, tun da harshenmu ne ya gaji wurin.

To, me za a yi? Ba ma roƙon a kafa sabuwar hukuma, ko a ware kuɗi masu yawa. Kusan kowane malami yau yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya. In an tura ka ƙauye, nemi tsohon makaɗin garin, ka gaishe shi, ka nemi izninsa, ka ɗauki waƙarsa. Ka rubuta kalmomin da harshensu, ka sa ma'anarsu da Hausa a gefe, ka rubuta sunansa da garinsu da ranar da ka ɗauka da lokacin da akan yi waƙar. Ka bar kwafi ɗaya a makaranta, ka aika ɗaya kwalejin da ta horar da kai. In malamai ɗari suka yi haka sau ɗaya a shekara, cikin shekara goma an tara waƙa dubu. Ran wasan makaranta kuma, kowane yaro ya yi ta garinsu, ya koya wa 'yan ajinsu amshi, wanda ya yi dariya kuwa malami ya tsawata masa nan take.

Ku kuma akawuna, ku ne ke tsara takardar shirin biki in babban baƙo zai zo. Ku sa sunan makaɗin ƙauye a takarda kamar yadda ku ke sa na birni, ku ba shi lokacinsa a cikin fage, ku tabbata ladansa ya shiga hannunsa cikakke. Masu gidajen rediyo su daina tura shirin ƙananan harsuna lokacin da kowa ya yi barci. Mawaƙanmu na zamani, in sun ari kiɗan Nufawa ko na Gwari, su faɗi inda suka aro.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Yaron nan da muka ba ku labarinsa mun sa shi ya tafi gida hutu ya rubuto mana waƙoƙi biyar daga bakin kakarsa. Ya komo da uku, ya ce sauran ta manta, wadda ta san su kuwa ta rasu da damina. Wannan shi ya sa mu ke gaggawa. Allah ya sa mu farga tun da sauran masu tunawa, amin.